Bayan an furta saki, wa ke tsaya wa mace da 'ya'ya a Damagaram?

A Damagaram ba a rasa inda za a kai ƙarar aure. Matar da zama ya yi wa zafi tana da waliyyinta da dattawan dangi, ga limamin unguwa, ga mai unguwa, ga alƙalin fadar Sarki a Birni, ga kuma gidan shari'a na gwamnati da mutane ke kira jastis. In da duka a ciki, har 'yan sanda da jandarma suna karɓar magana. Mafi yawan waɗanda ke zaune a waɗannan wurare mutanen kirki ne masu son a zauna lafiya. Abin da ke damuna shi ne kusan dukkansu aiki guda suka ƙware a kai, wato mayar da mace ɗakinta. In hakan ta samu, madalla. In ta ƙi samuwa, auren ya mutu, sai kowa ya kaɗe rigarsa ya tashi, alhali a lokacin ne aka fi bukatar mai tsayawa a tsakani. Wa zai ci da ita a cikin idda? Ina yara za su kwana? Wa zai biya musu magani da makaranta? Awakin da ta yi kiwo a gidan, na wane ne?

Tushen abin yana cikin yadda dokar ƙasa ta bar maganar iyali. Har yau Nijar ba ta da kundin dokar iyali nata na kanta. Hanya biyu ake bi. Ta farko ita ce tsohon kundin da aka gada daga Faransa, wanda 'yan boko ke kira kod sibil, asalinsa kuwa tun 1804. Wanda ya ɗaura aurensa a kan wannan kundi mace ɗaya gare shi, kuma ba shi da ikon sakinta da baki. Mai shari'a kaɗai ke raba su, shi ma sai an kawo laifi irin zina ko duka ko cin mutunci mai tsanani. Masu irin wannan aure a Damagaram 'yan ƙalilan ne. Wanda aka ɗaura wa aure a masallaci ko a zaure, daga baya ya je ma'aikatar magajin gari ya sa aka rubuta, bai fita daga hukuncin al'ada ba, takardar shaida kawai ya samu.

Hanya ta biyu, wadda kusan kowa ke kanta, ita ce al'ada. Tun dokar tsarin shari'a ta 1962 aka ce a maganar aure, saki, nasabar 'ya'ya, gado, kyauta da wasiyya, kotu za ta yi hukunci da al'adar masu ƙara. Dokar 2004 da ta maye gurbinta ta riƙe wannan, ta ƙara sharaɗin kada al'adar ta saɓa wa yarjejeniyoyin duniya da Nijar ta amince da su, dokar 2018 kuma ta bi sawu. Sai dai al'adar nan ba a rubuce take ba. Mai shari'a ya yi karatunsa da Faransanci, wataƙila daga Tillaberi ko Doso aka turo shi, don haka doka ta sa ya zauna da masana al'ada biyu, galibi malamai ko dattawan gari, su gaya masa abin da aka saba. Shawara ce suke bayarwa, hukunci nasa ne. Abin da kuma ake kira al'adar Hausawa a ƙasar da ta daɗe da Musulunci kamar Damagaram, wadda malamanta suka sha karatu daga Barno da Kano, cakuɗe yake da fiƙihun Malikiyya, har mutane da yawa ba sa iya cewa ga inda wannan ya tsaya, ga inda wancan ya fara.

A wannan cakuɗuwa ce ake cutar mata, kuma a nan nake son in daɗe. Idan maganar ikon saki ce, kowane namiji ya san addini ya ba shi, ba ya bukatar kowa ya karanta masa. Idan aka zo kan abin da addinin ya ɗora masa bayan sakin, sai ka ji an koma cewa mu nan ba haka muka saba ba.

Ɗauki idda. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar da aka saka daga gidanta, ta kuma hana ta fita. Wadda aka yi wa saki ɗaya ko biyu, irin wanda ake kome, tana nan a ɗakinta tsawon tsarki uku, ci da sha da sutura duk a wuyan miji. Mai ciki kuwa sai ta haihu. Ko wadda igiyarta ta ƙare, a Malikiyya tana da haƙƙin wurin zama har idda ta cika, in tana da ciki a haɗa mata da ciyarwa, in tana shayarwa tana da ladan shayarwa. Hikimar a bayyane take: mutum biyu da ke kwana gida ɗaya wata uku, fushinsu na iya hucewa ba tare da an tara kowa ba. Amma me ake gani a Zango da Garin Malam da ƙauyukan Mirya? Ran da aka furta, ran nan take ɗaure kayanta. Wani lokaci mijin ne ke korar ta, wani lokaci ita ce ke ganin zama bayan saki zubar da mutunci ne, wani lokaci kuma iyayenta ne ke aiko a ɗauko ta. Nauyin ciyar da ita ya koma kan tsohon da da ƙyar yake cika tukunyar gidansa, mijin kuwa bai ji ko a aljihunsa ba. Sakin da ba ya cin mai yinsa ko dala, ba abin mamaki ba ne ya yi sauƙin fita daga baki.

Maganar riƙon 'ya'ya ta fi wannan ciwo. A Malikiyya uwa ce ke da riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta tare a gidan mijinta, uba yana ciyarwa yana kuma lura da tarbiyya. Idan uwar ta auri wani bare, riƙon ba ya komawa ga uba kai tsaye. Kakar yaro ta wajen uwa ce ke gaba, har ƙanwar uwa ko yayarta suna gaban uba a jeri. Wannan mazhabar da muke bi ce, ba dokar Turawa ba. Amma abin da aka saba a ƙasar nan shi ne yaro na ubansa ne: wasu suna karɓa da zarar an yaye, wasu suna jira ya kai shekara bakwai, kuma shekara bakwai ɗin ce ta zama kamar ƙa'ida har a gaban masu shari'a. Sai a ɗauke yarinya daga hannun uwarta a miƙa wa kishiyar uwar, ko a tura ta ƙauye wajen kaka, ko in namiji ne a haɗa shi da malami ya tafi almajiranci.

Na san dalilan iyaye maza, kuma ba duka ne na banza ba. Namiji yana cewa ba zai yarda ɗansa ya tashi agola a gidan wani ba, ba zai kuma riƙa aika kuɗi ba tare da ya san bakin wa suke shiga ba. Akwai ma uwayen da su da kansu suke mayar da yaran, don bazawara mai 'ya'ya uku a hannu ba ta saurin samun mai nema, gidan ubanta kuma ba hatsi. Duk wannan gaskiya ne. Amma a lura, dalilan nan duka na manya ne. Tambayar da ta kamata a fara yi ita ce a ina yaron zai ƙoshi, ya yi barci ba tsoro, ya ci gaba da karatunsa. Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya kan haƙƙin yara tun 1990, wadda ta sa maslahar yaro a gaba, kuma mai shari'a yana da hurumin ya dogara da ita ya ƙi bin al'adar shekara bakwai idan ya ga za ta cuci yaron. Sai dai ba zai yi ba sai maganar ta iso gabansa, mafi yawa kuwa ba ta isowa.

Namiji da kalma guda yake fita daga aure. Mace tafiya ce a gabanta. Takan fara da yaji, a zo biko, uba ko kawu ya ce mata, "Ki yi haƙuri, 'yata, zo mu zauna zo mu saɓa ne." Ta koma. Ta sake fitowa, a sake mayar da ita. Ba na raina wannan mataki. Aure da yawa da ke tsaye yau biko ne ya tsayar da su. Illarsa ita ce ba a rubuta komai, ba a ɗaure mijin da wani sharaɗi, saboda haka in ta fito karo na huɗu sai a ɗauki maganar kamar yau ta fara, har a soma ce mata mai yawan yaji. Idan ta ƙudura sai an raba, abin da za a fara gaya mata shi ne ta fanshi kanta, wato hul'i: ta mayar da sadaki. Wasu mazan har da lissafin kayan akwati da kuɗin gaisuwa da abin da suka kashe ran biki suke zuwa, su faɗi adadin da suka san ba ta da shi, don ta zauna ba ita a gidan miji ba, ba ita bazawara ba, har sai wani mai sonta ya biya.

Alhali hul'i na matar da ta ƙi zama ne ba tare da mijin ya cuce ta ba. Wadda ake duka, ko ake zagin iyayenta, ko aka bar ta ba ci ba sha, ko aka ƙaurace wa shimfiɗarta, Malikiyya ta ba alƙali ikon ya sake ta saboda cutarwa, ba ta biyan ko sisi. Malaman mazhabar sun ma ce idan ta riga ta biya, daga baya ta tabbatar cewa cutarwa ce ta tilasta ta, a mayar mata da dukiyarta. Sun kuma san abin da ke faruwa a cikin ɗaki ba kasafai ake samun shaidu biyu da suka gani da ido ba, shi ya sa suka yarda a tabbatar da cutarwa da labarin da ya yaɗu tsakanin maƙwabta da masu shiga gidan. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce idan aka ji tsoron ɓaraka a tashi mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta, kuma a fahimtar Malikiyya waɗannan biyun suna da ikon su raba auren idan sun ga ba gyara, ko mijin bai so ba. Mata nawa ne a Damagaram aka taɓa karanta wa wannan a wajen wa'azi? An fi karanta musu babin biyayya, shi kuma babin haƙƙinsu a bar shi a rufe.

Yawancin masu neman a raba su, fada suke nufa kafin jastis, kuma dalilinsu a fili yake. A gaban alƙalin fada da Hausa ake magana, ba tafinta. Ba a cika kashe kuɗi ba, ba a ɗage zama wata da watanni. Idan dogari ya kai sammaci, namijin da zai iya yin kunnen ƙashi da takardar gwamnati yakan zo, don kunyar a ce ya ƙi kiran Sarki. Mafi girma kuma, rabuwar da alƙali ya yi da littafi a hannu ita ce jama'a ke yarda da ita. Matar da mai shari'a na gwamnati ya raba aurenta tana iya komawa unguwa ta tarar ana raɗa cewa har yanzu da igiyar wani a kanta, mai neman aurenta ya ja baya. Fadar Damagaram ta riga gwamnatin zamani zama a garin nan. Tun kafin zamanin Sarki Tanimun ake kawo mata ƙara, kuma zuwan Faransawa, da zaman garin, wanda suke kira Zinder, babban birnin mulkinsu a Nijar har 1926, bai cire wannan daga zukatan mutane ba.

A idon dokar ƙasa kuwa, sarakuna ba masu hukunci ba ne, masu sasantawa ne. Haka dokar sarautun gargajiya ta 1993 ta ce, haka wadda ta gaje ta a 2015 ta maimaita. Alƙalin fada ba ya cikin jerin kotunan ƙasa. A ƙarƙashin ikon sulhu na Sarki yake aiki. Ba shi da hanyar kama dukiyar wanda ya ƙi biya, ba shi da gidan kaso. Mai martaba da kwarjini yana wuri guda, mai ƙarfin tilastawa yana wani wuri, mace kuma tana kai da kawo a tsakaninsu.

Amma dokar nan ta tanadi abin da zai haɗa su, kuma shi ne abin da na fi son mai karatu ya riƙe. Ta ce idan basarake ya yi sulhu, ya rubuta takardar abin da aka daidaita a kai, ko takardar cewa sulhu ya gagara, ya shigar a littafin rajista, a aika wa hukuma da kotun yankin. Idan ɓangarorin biyu sun sa hannu a takardar sulhu, kowane ɗayansu na iya kai ta kotu a buga mata hatimin zartarwa, daga nan ta zama abin da ake tilasta wa mutum ya cika kamar hukuncin mai shari'a. Ma'ana, alkawarin da miji ya yi a zauren mai unguwa, cewa zai riƙa ba da jika goma, wato sefa dubu goma, duk wata saboda yara, zai bar su hannun uwarsu, zai bar ta ta kwashe gadonta da kwanoninta da tumakinta, ana iya mayar da shi haƙƙin da gwamnati za ta tsaya a kai, ba tare da an yi doguwar shari'a ba. Abin da aka fi yi kuwa shi ne a ce, "Ranka ya daɗe, na ɗauka, in Allah ya yarda," a shafa fatiha, a watse. Wata biyu zai aiko, na uku ya ce kasuwa ba daɗi, na huɗu ya yi sabon aure. In ta koma wajen mai unguwa, abin da ya rage a hannunta tunin abin da aka faɗa ne kawai, shi ma kowa da yadda ya tuna.

Ɓangaren kotu ma akwai tanadi mai kyau da mutane ba su sani ba. Tun dokar 2004, idan miji ya je kotu neman takardar tabbatar da cewa ya saki matarsa, mai shari'a ba ya tsayawa kan rubuta sakin kawai. Wajibi ne ya yanke maganar riƙon yara, kuɗin ciyar da su da na makarantarsu, sai fa in ma'auratan sun daidaita da kansu ya sa hannu a kan daidaitawar. Matsalar ita ce wa ke zuwa? Ma'aikacin gwamnati, soja, malamin makaranta, wanda ke bukatar takarda don a gyara masa lissafin albashi. Ɗan kasuwar Dole da mai kabu-kabu da manomi ba abin da ke kai su. Sau da yawa ma auren kansa ba a taɓa rubuta shi ba, yaran ba su da takardar haihuwa. Dokar rajistar jama'a ta 2019 ta nemi a riƙa bayyana aure da saki kamar yadda ake bayyana haihuwa da mutuwa, amma in wa'adin ya wuce sai an nemi hukuncin kotu kafin a sami takardar. Matar da ta zo ƙarar ciyarwa sai ta tarar da wata shari'ar tana jiran ta kafin tata.

Ga kuma nisa da kuɗi da harshe. Lauyoyin ƙasar nan kusan dukkansu a Yamai suke, kusan kilomita 900 daga nan, duk da cewa Damagaram na da babbar kotu har da kotun ɗaukaka ƙara. A 2011 an kafa hukumar ƙasa mai taimaka wa marasa ƙarfi a harkar shari'a, ANAJJ, mai ofisoshi a manyan kotuna, inda ake ba da shawara kyauta. Ƙungiyar mata masana doka ta AFJN da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH su ma sun daɗe suna wayar da kai da raka masu ƙara. Aikinsu na da amfani, amma mace daga wani ƙauyen Dungas ko Tanut sai ta fara jin cewa akwai su, ta sami kuɗin mota, ta sami wanda zai riƙe mata yara, ta kuma jure a ce ta kai uban 'ya'yanta jastis, abin da dangi da yawa ke ɗauka yanke zumunci ne. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa. Ina fata alfanun hakan na farko ya zama mace ta iya karanta, ko a karanta mata, takardar da ta shafi 'ya'yanta da harshen da take ji.

Akwai wani kashi na mata da ba su ma san matsayinsu ba, su ne matan 'yan bida. Jihar Damagaram ƙasar tafiya ce: Kano, Legas, Agadas, Libiya, Aljeriya. Namiji ya tafi da niyyar rani guda, ya shekara uku. Da fari yana aike, daga baya waya ta daina shiga. Mutanen Kance, a jihar nan, ba za su manta da Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara. Ba zan ce mutuwar aure ce ta fitar da su duka ba, talauci ne babba, amma duk inda ka ga mata na ɗaukar yara suna shiga sahara, ka tambayi wa ke ciyar da gidajen. Matar da miji ya ɓace mata akan ce ta jira shekara huɗu. Wannan hukuncin wanda ya ɓata ne ba a san ko yana raye ba, kuma ya bar abin da za a ci da ita. Wanda ya tafi bai bar komai ba, bai aiko ba, matarsa na da damar kai ƙarar rashin ciyarwa, alƙali ya ɗiba masa wa'adi, in ya cika ya sake ta. Wanda aka san inda yake kuma, ana aika masa ya dawo, ko ya ɗauke ta, ko ya sawwaƙe mata. Rashin sanin wannan bambanci ya sa 'yan mata da yawa ƙuruciyarsu ke ƙarewa a gidan surukai suna daka da ɗiban ruwa.

Waya ta ƙaro nata rikicin. Saki yana zuwa ta saƙon murya a WhatsApp, cikin fushi, sau da yawa uku a haɗe. Gari ya waye mai shi ya yi nadama, ya fara zagayen malamai: mazhabobi huɗu sun ce uku a kalma guda uku ne, wasu malaman kuma, bisa fatawar Ibn Taimiyya, suna ƙirga shi ɗaya. Sai ya bi wanda ya ba shi amsar da yake so, ita kuwa ba a tambaye ta ba, ta zauna cikin shakkar ko zaman da take yi halal ne. Aya ta biyu ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta yi umarni a kafa shaidu biyu adilai. Da ana rubuta kowane saki da kowane kome a wajen mai unguwa ko limami, da gardamar "sau nawa ka sake ta" ta ragu ƙwarai.

An yi ƙoƙarin rubuta dokar iyali, ba sau ɗaya ba. Daftarin 1993 ya gamu da adawar ƙungiyoyin addinin Musulunci, aka ajiye shi. Na 2011, a ƙarshen mulkin riƙon ƙwarya na Salu Jibo, shi ma haka. A 1999 Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana nuna wa mata bambanci amma ta ware sassan da suka shafi aure da rabuwa, a 2006 kuma majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin matan Afirka. Na fahimci masu adawar: an rubuta daftarin da Faransanci a ofisoshin Yamai, mutane suka ji ana taɓa gado da auren mace fiye da ɗaya, suka ga kamar daga waje aka turo. Amma bayan an ce a'a, ba a kawo wani abu a madadinsa ba, kuma wannan laifi ne da ke kan malamai kamar yadda yake kan gwamnati. Maroko ƙasar Malikiyya ce. Tun 2004 namiji a can ba ya rubuta saki sai da izinin kotu, kotun kuma ba ta ba shi sai ya ajiye kuɗin haƙƙin matar da na yara. Ba na cewa a kwafo tasu. Ina cewa ana iya rubuta doka daga cikin fiƙihun da muke karantawa a zaurukanmu, kuma rashin rubuta ta ba addini ya kare ba, son zuciyar mai ƙarfi ya kare.

Abu guda da bai kamata ya shiga zauren sulhu ba shi ne duka mai rauni. Wannan laifi ne a dokar ƙasa, ikon sarakuna bai kai kansa ba. Matar da ta zo da karaya ko kumburin ido, likita za a fara kai ta a rubuta abin da aka gani, ba a ce ta koma ta yi haƙuri ba. Dattijon da ya mayar da ita hannun wanda ya karya ta, in wani abu ya same ta, yana da kaso a alhakin.

Wasu za su ce rubuta sharuɗɗan rabuwa zai sa mata su raina aure, su riƙa neman saki don kuɗi. Wanda ya san abin da ake yankewa na ciyar da yara a ƙasar nan ya san ba mai kashe aurenta saboda shi. Takardar ma tana kare namiji: ta hana a zo masa da lissafin da ba a yi da shi ba, ta tabbatar masa da ranakun ganin 'ya'yansa, don akwai iyaye maza da dangin mace ke rufe wa ƙofa, su ma cuta ce ake musu. Wasu kuma za su ce talaka ba shi da abin da za a rubuta. Gaskiya ne albashin ma'aikaci kaɗai ake iya yanka tun daga tushe, kuma tun da darajar naira ta faɗi, aka kuma sha rufe iyaka a 2019 da 2023, masu cin abinci ta hanyar Kano da Magarya da Matamai suna cikin wuya. Amma ba dole a rubuta kuɗi ba. Manomi ana iya rubuta masa tiya kaza ta hatsi duk wata, ko dami kaza da kaka, da sabulu, da kuɗin magani in yaro ya kwanta, mai gari ya zama shaida ran aunawa. Ɗan kasuwa a sa masa ranar kasuwar garinsu, ya kawo hannun mai unguwa, a rubuta a littafi. Wannan bai jiran majalisa ko sabuwar doka. Fadar Sarkin Damagaram na iya umartar masu unguwanni da masu gari cewa duk zaman da ya ƙare da rabuwa kada a tashi sai an cika takarda guda, da boko ko da ajami, mai ɗauke da ranar saki da adadinsa, inda za a yi idda, hannun da yara za su zauna, abin da uba zai bayar da lokacinsa, da kayan da mace za ta fita da su, a ba ta kwafi a hannunta, a kuma gaya mata a gaban mijin cewa tana iya kai shi kotu a buga hatimi.